Shekarar da Muka Auna Gero da Hular Soja

Ni ma'auniya ce tun ina goyon ɗana na fari. A kasuwar Gazawa nake zama, layin 'yan hatsi, tabarma a shimfiɗe, tiya, kwanon awonmu, a gabana. Mai gero ya kawo, in auna wa mai saye, a ba ni ɗan abin da aka saba bayarwa in koma gida. Sana'a ce mai daɗi in akwai hatsi. In babu, gara dambe da ita.

Abin da zan faɗa ya faru a tsakiyar babban farin nan na farko, shekarar da aka raba jar dawar taimako, wadda ko kaza sai ta zagaya ta sau biyu kafin ta sa baki. Damina biyu sun wuce ba mu cika ko kwando ba. Muna cin anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, da dusa, da duk ganyen da bai kashe akuya ba. Ɗan geron da ke shigowa kasuwa daga kudu yake zuwa, daga ƙetaren iyaka, a bayan jakuna. To nan rigimar take.

Mutanen kudu suna da mudunsu, mu muna da tiyarmu. Tiyar ma ba ɗaya ba ce. Ta Gazawa daban, ta Gangara ta ɗan fi zurfi, ta Gidan Rumji kuwa, can yamma, an ce ana iya yi wa jinjiri wanka a ciki. Lokacin wadata ba wanda ya damu. Da yunwa ta zo sai kowace ƙwaya ta sami mai tsaronta. Bafatake ya ce mudu kaza ya ɗoro, mu auna mu ce tiya kaza ce, ya rantse mun cuce shi, mu rantse da cutarsa ya taso tun daga gida. Da idona na ga dattawa biyu masu furfura suna kokawa a kan tsororuwa, tudun nan da hatsi ke yi a saman kwano. Ba wanda ya kada wani, don dukansu ba su ci komai ba tun jiya. Rungume juna kawai suka yi suna haki.

Ana cikin kokawar nan sai ga wan mijina.

Tsohon soja ne. Ya yi wa Faransawa aiki a wata ƙasa mai nisa, ya dawo da muƙamin kafaran, wato kofur, muƙamin ya cinye sunansa, har matarsa Kafaran take ce masa. Dogo ne, siriri, yana tafiya kamar ana buga masa ganga. Ba ya rabuwa da wata rediyo mai rigar fata. Kun san wan miji abin kunya ne, ba a kallon idonsa, balle a yi dariya a gabansa. A shekarar nan na sha yunwa, amma wallahi riƙe dariya ya fi ba ni wahala.

Ya tsaya a kan dattawan ya daka tsawa. "Silans!"

Suka saki juna, da alama ma sun ji daɗin samun dalili.

"Jahilci ke damunku," in ji shi. "Jiya na ji a rediyo, manyan ƙasashen duniya suna zaune a wani birni, suna son su mai da dokar ciniki ɗaya. Yadda za a sayar da abu a wannan ƙasa, haka za a sayar a waccan, ba gardama. Shekaru ke nan suna zaman ba su gama ba. Kun san dalili? Suna da fanka da ruwan sanyi. Mu da yunwa ke kora, wuni ɗaya ya ishe mu."

Wani ya ce, "To Kafaran, wa ya aike ka?"

"Su wa ya aike su?" in ji shi.

Sai maganar ta zauna.

Ya aika saƙo ta bakin direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da masu jakuna, gabas da yamma da kudu. Aka sa rana. Wurin taron wata tsohuwar tsamiya ce kudu da Gangara, inda aka ce iyaka ta ratsa. Ni ya aiko mijina ya gaya mani in shirya, wai ni ce ƙwararriyar awo ta ƙasar Nijar. Na ce a gaya masa ina da wanki. Ya ce a gaya mani ƙasa ta fi wanki.

Mun isa da hantsi. Kafaran ya sa tsohon kakinsa, ya kife hular kwano a kansa, irin ta ƙarfe ɗin nan ta yaƙi. Ya zo da mushen lakol ɗinmu, malamin makaranta da muke kira Mushe, wani bawan Allah mai sanyin hali, da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, don ya rubuta doka da Faransanci. Daga Gidan Rumji wata tsohuwar ma'auniya ta zo, Bagobira, kakkaura duk da farin, ta rungumo tiyarta kamar jika. Inna muka riƙa ce mata. Fulani makiyaya sun turo ardonsu, dattijo mai sanda, wanda shanunsa suka ƙare saura saniya biyu. Daga kudu kuma wani Alhaji mai fataucin hatsi ya zo a kan jaki, shi ne wakilin Najeriya gabaɗayanta. Alhajin nan ɗan kawun Kafaran ne, taubashinsa, tare aka yi masu kaciya.

Yana sauka ya ce, "Kai bawana, wace tukunya ce ka kifa a ka?"

"Nan ba taubashi," in ji Kafaran. "Wakilin ƙasa nake gani. Zauna a ƙasarku."

Ya ja layi da sanda a ƙasa, daga gindin tsamiya ya miƙe, ya ce wannan ɓangare Nijar, wancan Najeriya, kada wanda ya ƙetare sai da izini. Muka zauna. Sai dai inuwa ba ta san da layin ba. Da safe tana wajenmu, Alhaji na can shi kaɗai cikin rana yana zufa a madadin al'ummarsa. Da rana ta juya sai muka riƙa ja da gindi kaɗan kaɗan, kafin azahar duk mun koma Najeriya, har da Kafaran.

Aka ce kowa ya fito da kwanonsa. Aka jera su a tabarma: tiyata, ta Gangara da wani mutumin garin ya kawo, ta Inna, mudun Alhaji. Ardo ya ajiye ludayin duma, ya ce shi da shi matarsa ke auna kosam, wato nono, lokacin da akwai nonon. Aka tsaya ana kallon kwanukan. Sai a lokacin muka lura ba wanda ya zo da hatsin da za a gwada.

Kafaran ya ce a yi da yashi, ga shi nan Allah ya hore. Na cika tiyata da yashi, na juye a mudun Alhaji. Inna ta taɓe baki.

"Mi kuke yi haka? Rairai ba shi tsororuwa irin ta hatsi. Wanga awo na banza na. Ko rairai za mu ci?"

Gaskiyarta. Aka juya aka dubi jakin Alhaji, don kowa ya riga ya hangi wani ɗan ƙulli a rataye. Alhaji ya ce wannan na gwaggonsa ne da ke Gangara, amana ce. Kafaran ya ce ƙasashe biyu sun ranci amanar, za su mayar. Haka aka kwance ƙullin.

Gero ne, fari tas, wankakke. Rabon da in ga irinsa har na manta.

Aka fara da mudun Alhaji, ya cika har da tsororuwa. Aka juye a tiyata. Kafin a juye, Kafaran ya ɗebi kaɗan ya watsa a baki, ya ce dole shugaban taro ya tabbatar ba tsakuwa. Mushe ya ce shi ma ba zai rubuta abin da bai tabbatar ba. Inna ta ce haƙoran maza ba su san gero ba, ta ɗebi nata. Ni kuma da na ga ƙwararru suna aiki, ai ba zan zauna ba. Kwano ya riƙa zagayawa, daga wannan a juye a wancan, kowa yana dubawa da baki. Ba ka jin komai sai ƙurus ƙurus. A zagaye na farko tiyar Gangara ta fi tawa da kaɗan. A na biyu ta fi ta da yawa. A na uku mudun da geron ya cika ɗazu ya koma rabi, Mushe ya rubuta cewa mudun kudu yana girma da rana.

A zagaye na ƙarshe Kafaran ya ɗaga tiyar Inna sama ya ce, "Wala!" Da Faransancinsa wai ga shi nan, an gama.

Ardo ya leƙa ciki ya gyaɗa kai. "Wala kam," in ji shi. Da Fulatanci kuwa wala babu ke nan.

Kowannensu ya ji daɗi ɗan'uwansa ya goyi bayansa. Ni na cusa mayafi a baki har na ji zare a maƙogwaro. Alhaji ya dubi ƙyallen da geron ya fito, ya kakkaɓe shi, ya ce, "Allah ya isa tsakanin gwaggona da ƙasashen duniya."

Da ɗan abin da aka kakkaɓo daga gindin sauran kwanuka aka shiga magana ta biyu, maganar hannu. Ma'auniya in tana awo takan kafa hannu a bakin kwano ta tare tsororuwa don ta ƙara tudu. To hannu hannu ne? Kafaran ya sa ni da Inna muka haɗa tafi. Nawa ya ɓace a cikin nata kamar ƙwai a faifai. Alhaji, da yake mai sayarwa ne, ya ce hannuna ne ya dace da doka. Mutumin Gangara, da yake saye yake, ya ce na Inna. Inna ta ce hannunta gadon uwarta ne, ba mai rage mata shi. Aka yi ta ja. Ardo ya buga sanda a ƙasa.

"Useko, don Allah jama'a. Ni ba ni da kwano, ba ni da hannun awo. In kun gama daidaita abin zubawa, ku gaya mani inda abin da za a zuba yake, in je in tsaya a layi."

Kafaran ya cire hularsa don ya share zufa, ya riƙe ta a rigingine. Sai na ga ya ƙura mata ido. Na san kallon nan.

"Atansiyo!" in ji shi. "Wannan hula ta Nijar ce?"

Aka ce a'a.

"Ta Najeriya ce? Ta Gobir ce? Ta Katsina ce? Ba ta kowa ba ce. Daga bayan teku ta zo. Kuma sunanta ma kwano. Ga ma'aunin ƙasa da ƙasa."

Alhaji ya yi dariya har ya kwanta a ƙasarsu. Amma da aka gwada da yashi sai abin ya ba da mamaki. Hular ta fi tiyata, ba ta kai ta Inna ba, ta ɗan yi kusa da mudu, ba wanda zai ce an bi na wani. Kuma gindinta a zagaye yake, ba ta zama a ƙasa, dole ma'auniya ta riƙe ta da hannu biyu, mai hatsi ya zuba da kansa. Ka ga maganar kafa hannu ta mutu.

Aibinta ɗaya. Akwai 'yar huda a gefe, wadda Kafaran ya ce harsashi ne, matarsa kuma ta taɓa gaya mani ƙusar da yake rataye ta ce. Gero yana tsiyaya ta nan, siriri kamar zare.

"To wanda ya tsiyaye na wa ne?" in ji mutumin Gangara. "Ya bar hannun mai sayarwa, bai kai ga mai saye ba."

"A bar wa ma'auniya mana, ladan riƙon tukunya," in ji Alhaji, yana share hawayen dariya. Da wasa ya faɗa. Mushe kuwa ba ya gane wasa, ya rubuta.

Kafin la'asar an gama doka. Artikil, wato sashe, na ɗaya, ma'auni hula ce. Na biyu, ba kafa hannu. Na uku, abin da ya tsiyaye na ma'auniya ne. Na huɗu Kafaran ya ƙara da kansa bayan kowa ya miƙe: hula ba ta tafiya sai da kan mai ita a ciki. Aka dangwala yatsa da tawadar bik, Ardo ya ce shi sandarsa ta shaida. Muka watse.

Daga ranar rayuwata ta canja. Hula ɗaya ce, kasuwanni da yawa, kowace da ranarta. Kafaran ya zama ma'auni mai ƙafa. Da sassafe ya kife hula ya kama hanya, ni ina biye da faifaina, mijina a bayanmu don kada a ce na bi wansa daji ni kaɗai. Ba a fara awon hatsi sai mun iso. Mu tarar mata sun yi layi, fatake sun sauke kaya suna tsaki. Ya tsaya tsakiyar layi ya ƙame, ya sara wa jama'a, ya cire hula da hannu biyu ya miƙo mani. Ni kuma in durƙusa in karɓa, kaina a ƙasa, in shimfiɗa faifai a ƙarƙashi.

Makon farko mutane sun bi abin, wasu don tsoron kakin, wasu don a shekarar ba abin kallo. Ni ban ga abin dariya a artikil na uku ba. In aka wuni ana awo, abin da ya taru a faifai yakan yi wa 'ya'yana kunu na kwana biyu. Duk wanda ya soki dokar a gabana sai in ce masa ai shi bai waye ba, manyan ƙasashe ma haka suke yi.

Kafaran ne ya fara jin jiki. In an tashi kasuwa sai ya mai da hular kansa da ƙurar geron da ƙaiƙayinsa, ga zufa, ga rana. Soja kuma ba ya susa a gaban farar hula. Sai ka ga yana tafiya yana murza hular hagu da dama, fuskarsa a ɗaure, hawaye na zuba. Awaki suka gano shi. Awakin shekarar nan har takarda da tsumma suke ci, balle su ji ƙanshin gero yana tafiya da ƙafa biyu. Duk garin da muka shiga sai su biyo shi a jere. A kasuwar Gangara ya zauna ƙarƙashin rumfa yana yi wa wasu fatake bayanin doka, wata akuya ta hau buhu ta bayansa ta riƙa lasar ƙeyarsa. Bai juya ba. Ya ce da mijina a hankali, "Gaya wa ko wane ne ya bari, ina magana."

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa mijina ba har ya koma ga Allah. Wata rana Kafaran ya shiga masallaci sallar azahar ya bar mani hular. Na dube ta, na dubi hudar. Na tuna autata da ke kuka in kunu ya ƙare. Akwai ƙusa a jikin rumfa. Ban yi da yawa ba, juyi biyu ne, ko uku. Mako na gaba na ƙara ɗaya. Zaren geron nan ya zama igiya.

Ba wanda ya lura sai da muka je Gidan Rumji. Tafiya ce mai nisa, sau ɗaya muka yi ta, a bayan kamiyo, muka ratsa Agye da Maraɗi, Kafaran na tsaye riƙe da ƙarfe don kada a ce ma'aunin ƙasa da ƙasa ya zauna a kan buhun albasa. Can Inna ce mai riƙon hula, ƙasarta ce. Ta karɓa, aka zuba mata awo na farko. Ta dubi faifai. Ta juya hular, ta sa ɗan yatsanta a hudar, ya shige har gaɓa. A gindin tsamiya ko tsinke da ƙyar yake shiga.

"Ɗiyata, taho nan," in ji ta.

Na matsa.

"Wagga huda ta yi ƙiba," ta ce a kunnena. "Cikin yunwag ga, ita ɗai ta samu abinci."

"Inna, ƙarfe ne, zafi ke buɗa shi."

"I, zahi. Ɗiya nawa gare ki?"

Na ce huɗu.

Ta sake duban hudar. Sannan ta ce, "Ni jikoki shidda ag gareni. Ina ƙusad da kinka yi aiki da ita?"

Na ce na baro ta Gazawa. Ta ce ba komai, su ma Gobir suna da ƙusa. Ranar da muka baro garin hudar ta kai a zura goro. Da yamma ta raba abin faifai biyu, ta ƙulle mani rabi a bakin zane, ta ce kuɗin mota. Kafaran da ya mai da hular ya ce iskar yamma ta fi ta gabas daɗi, har cikin kansa yake jin ta.

Saura kasuwar kudu, garin su Alhaji. Kafaran ya ce dokar da ba ta ƙetare iyaka ba ai dokar gida ce. Muka tafi mu uku da ƙafa. Muna kusa da shingen masu tsaron iyaka na wancan ɓangaren sai muka ga sun miƙe zumbur. Ku dubi abin da suka gani: dogon mutum cikin kaki da hular yaƙi yana taku, mace da namiji a bayansa, awaki kamar bakwai a bayanmu. Babbansu ya daka mana tsawa mu tsaya. Ya tambayi Kafaran sojan wace ƙasa ne, kuma sauran rundunar na ina.

"Ni ba soja ba ne yau," in ji Kafaran. "Ni mudu ne."

Aka zaunar da mu a benci. Mutanen ba su wulaƙanta mu ba, har ruwa suka ba mu, amma sun ce ba su taɓa ganin mudu mai gashin baki ba, sai an zo an yi bayani. Kafaran ya fito da kayen Mushe. Ba mai jin Faransanci a cikinsu, shi ma Kafaran karatun bai dame shi ba, a kife ya miƙa. Aka aika kiran Alhaji.

Alhaji ya zo yana tafe yana riƙe ciki don dariya. Da farko ya ce bai san mu ba, bai taɓa ganin wannan bawan ba, a tafi da shi Legas. Sai da ya ga jijiyar wuyan Kafaran ta tashi sannan ya yi bayani, ya sa aka kawo gero, na riƙe hula aka zuba a gabansu. Babban nasu ya dubi igiyar geron da ke zuba a faifai ya ce, "Wannan kuma fa?"

"Artikil na uku," in ji ni. Ita ce kalmar Faransanci ta farko da na taɓa faɗa a gaban hukuma.

Suka yi shawara, suka yanke hukunci. In hular tana kan mutum kayan soja ce, ba ta shiga. In tana hannu kwano ce, ta wuce. Kafaran ya ce artikil na huɗu ya hana ta tafiya ba kai a ciki. Aka yi cirko-cirko. Mijina, wanda tun farkon lamarin nan bai ce komai ba, ya ce, "Yaya, doka ta ce kai a ciki. Su sun ce kada a sa. To a ɗora ta a kai mana, kamar ƙwarya." Aka duba, ba wanda ya ci, ba wanda ya faɗi. Na naɗa gammo na ɗauki hular a rigingine, Kafaran na gaba da kai a buɗe. Ranar na fara ganin abin da ƙaiƙayi ya yi masa. Kan nan ya yi ja, ya yi tabo tabo kamar ƙwan zabo.

Matan kasuwar kudu su suka kashe dokar. Wata mai fura ta sayi awo biyu da safe, kafin azahar ta dawo da ƙwaryarta a hannu.

"Wane ne mai tukunyar nan?" in ji ta. "Furata warin kai take! Masu saye sun ce in ba su ta jiya."

Mata suka taru suna shinshina hular ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ja baya tana toshe hanci. Ni na daɗe da sanin warin, amma wa zai faɗa wa wan miji kansa na wari? Suka ce su mudunsu ko ƙarami ne ba ya zufa. Kafaran ya ce wannan ƙanshin fagen fama ne. Suka ce to ya kai wa fagen fama ya dama.

Da za mu dawo Alhaji ya ɗora mana rabin buhun garin kwaki a jakinsa, ya ce ba don bawansa ba, don yara. Ya raka mu har bayan gari suna zagin juna shi da Kafaran, kuma daga ranar duk bayan mako biyu sai jakin nan ya zo gidanmu ta hanyar daji, har kaka.

Labarin warin kai ya riga mu isa gida. A kasuwar Gazawa ta gaba muka tarar an riga an fara awo, kowa da kwanonsa. Abin mamaki, ba kokawa. Wata biyu ana juye hula a tiya, ana juye tiya a mudu don a kama mu da cuta, har kowa ya haddace yadda wannan yake a cikin wancan. Kuma fatake da mutanen gari sun sami abin da suka haɗu a kan ƙinsa. In gardama ta taso sai wani ya ce, "Ko a kira Kafaran?" Nan take a shirya. Shi ya ɗauki wannan a matsayin nasara, ya ce doka mai ƙarfi ita ce wadda ambatonta kaɗai ya isa. Wanzami ya aske shi ƙwal, ya shafa masa man shanu da magani, ya hana shi sa komai a ka har wata guda. Aka rataye hular a bayan ɗaki.

Ruwan farko ya sauka a makare, amma ya sauka. Kwana huɗu bayansa matar Kafaran ta kira ni ta katanga, ta ce in zo in ga ikon Allah. Hular ta tara ruwa, ƙwayoyin da suka maƙale a tsumman cikinta sun tsiro, kore shar, guda biyar. Kafaran ya ciro su da cokali ya dasa bayan ɗakinsa, ya kewaye da ƙaya, ya kafa kujera. Kaza ta ci ɗaya tun yana gyara zaman kujerar. Biyu suka bushe. Biyu suka yi zangarniya, ƙanana, kamar yatsan Inna.

Da kaka ya yanke su da kansa, ya sa matarsa ta sussuka ta daka. Furar da ta fito ba ta kai ƙwan kaza ba. Ya tara gidan gaba ɗaya, mu goma sha wani abu, aka dama a ƙaramar ƙwarya, kowa ya sami kurɓi ɗaya. Da ta zo kaina ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Matar ƙanena, ke ce ƙwararriya. Yaya kika ji ta?"

Na ce, "Yaya, ba ta wari."

Ya ce a ba ni kurɓi na biyu.